NASIHA: Zomon da yaro ya ci a wasa, wa za a tambaya a kansa?

Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwa, dan Allah a daure a karanta har ƙarshe.

A Amurka akwai bukukuwan baje koli da gundumomi ke yi duk shekara, galibi lokacin zafi, manoma su fito da shanunsu da kayan gona a gwada na wa ya fi, gefe guda kuma ga lilo ga kiɗa ga rumfunan wasa, ka biya kuɗi a baka 'yar ƙwallo ka jefa, in ta faɗa inda ake so ka ci kyauta. Yawanci 'yar tsana ce ko ɗan jan kifin nan na ado a cikin leda, to amma a wasu wuraren zomo ne mai rai sukutum ake miƙo maka. Wasu garuruwan ma sakin zomayen ake yi a fili a ce yara su bi su da gudu, wanda ka cafke ya zama naka, manya suna gefe suna tafi suna ɗaukar bidiyo. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi na can sun daɗe suna kuka a kan a daina.

Na san abin da wani zai ce, Turawa da iyayi, mutane na kwana da yunwa su suna ta zomo. Eh, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, wanda ke zubar da hawaye a kan dabba ya kau da kai a kan jinin ɗan Adam akwai gyara a lamarinsa. Amma wannan ba zai mai da zaluncin da aka yi wa zomon ya zama ba zalunci ba, kuma mu Musulmi ba a wurinsu muka fara jin wannan magana ba, sama da shekara 1400 tana cikin addininmu, mu ne dai muka yi mata riƙon sakainar kashi.

Duk wanda ya taɓa kiwon zomo ya san dabba ce mai tsoro ƙwarai, Allah ya halicce shi a cikin waɗanda ake farauta, ƙara kaɗan sai ka ga ya daskare zuciyarsa na bugawa, kuma ko ciwo yake ji ba ya nunawa sai abin ya ci ƙarfinsa. Ba ya kuka kamar akuya balle ka ce ya dame ka ka tashi ka duba. Ba ya gumi irin namu, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki, shi ya sa in zafi ya haura digiri 30 ya fara shiga wahala, to ka ɗauko wannan halitta ka ajiye a keji cikin rumfa tun safe, ga lasifika ga ihun yara ga hannu ɗari na taɓa shi. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, in aka ɗauke shi ba daidai ba ya yi harbi da ƙafafun baya yana iya karya bayan da kansa. Haƙoransa kullum girma suke har ya mutu, dole sai yana tauna ciyawa suna gogewa, cikinsa kuma in ya yini bai ci komai ba hanjin na iya tsayawa cak ya mutu. Wannan zomon in an kula da shi yana kai shekara 8 zuwa 12.

Toh a nan matsalar take. Wanda ya je kasuwa ya sayi zomo ya yi niyya, ya tanadi wuri, ya san inda zai samo ciyawa. Wanda ya ci shi a wasa fa? Shi yawo ya fito da yaransa, ko a mafarki bai shirya komawa gida da rai a hannu ba, sa'a ce kawai ta jefa ƙwallo cikin kwano. Yaro ya yi murna kwana biyu, rana ta uku ya koma kan wayarsa, uwa ta ce ita ba za ta kwashe kashin zomo ba, uba ya ce shi bai aiki kowa ba, shikenan sai a manta da shi a kwali a bayan gida ko a kai shi bakin daji a saki wai an ba shi 'yanci, alhali zomon gida bai san yadda zai kare kansa ba, kare ko shaho ne zai gama da shi.

Shi ya sa wasu ƙasashen suka sa doka. A Sikotilan tun 2006 laifi ne ka bayar da dabba a matsayin kyautar gasa sai dai in tsakanin iyali ne. A Ingila da Wales dokarsu ta 2006 ta hana a ba yaron da bai kai shekara 16 ba in ba ya tare da babba, ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA kuma tana ta matsawa a hana gaba ɗaya, har ƙananan hukumomin Wales duka 22 sun haramta yin haka a filayensu. Su tara suke tsoro da kotu.

Mu kuma abin da ke gabanmu ya fi tara nauyi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta har ta mutu, bata ciyar da ita ba bata shayar da ita ba, bata kuma sake ta ta je ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ku lura da kyau 'yan uwa, ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta ƙona ta ba. Tsarewa ce da sakaci, iyakar laifin kenan, kuma shi ne ya kai ta wuta, wal iyazu billah. Yanzu ku faɗa min meye bambancin kyanwar nan da zomon da aka manta a kwali.

Akwai kuma hadisin raƙumin nan a Abu Dawud, Annabi (SAW) ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya fara kuka idonsa na zubar da hawaye, ya je ya shafa shi ya yi shiru, sannan ya nemi mai shi ya ce masa ashe ba za ka ji tsoron Allah ba a kan wannan dabba da Allah ya mallaka maka, ya kawo min ƙara kana barinsa da yunwa kana wahalar da shi. Allah ne ya mallaka maka, ba wayonka ba, ba ƙwallon da ka jefa ba. Ɗan Umar kuma ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka hango shi suka watse, ya ce Manzon Allah ya tsine wa wanda ya mai da abu mai rai abin gwada harbi. Ban ce sakin zomo yara su bi shi daidai yake da harbi ba, kar a min ƙari, amma tushen ɗaya ne, an mai da tsoron mai rai abin nishaɗi. Allah kuwa ya faɗa a Suratul An'am aya ta 38 cewa babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummu ne irinku.

Kar kuma wani ya tafi da cewa malam ya haramta zomo. Zomo halal ne a ci, Anas ya ce sun taso wani zomo a Marruz Zahran kusa da Makka ya kama shi ya kai wa Abu Ɗalha, ya yanka ya aika wa Annabi (SAW) da cinyoyinsa ya karɓa. Yaro ya riƙe dabba ma ba laifi, ƙanin Anas ɗin nan Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da ya mutu Annabi da kansa yake tsokanarsa yana lallashinsa, ya Abu Umair me ɗan tsuntsu ya yi. Kyautar dabba ma alheri ce babba, wa zai ƙi a ba shi tunkiya. Abin da ake magana shi ne a ɗora wa mutum amanar rai ba tare da an tambaye shi ko zai iya ba.

Mu dawo gida, dan kar mu zauna muna nuna Amurka da yatsa. Mu ba mu cika raba zomo a gasa ba, rago ne kamfanoni ke rabawa gab da babbar Sallah, wannan kuwa da sauƙi tunda babba ne ke karɓa kuma ya san me zai yi da shi. Namu ya fi kama da 'yan tsakin nan da ake rinawa ja da kore da shuɗi ana sayar wa yara a kasuwa da bakin makaranta, tsakon da bai fi kwana ɗaya ko biyu ba wanda ɗumi yake nema, yaro ya matse shi a hannu ya sa shi a aljihu, da yawansu ba sa kwana uku, in ya mutu a yi dariya a ce gobe a sayo maka wani. Wlh wannan "a sayo maka wani" ɗin ita ta fi ba ni tsoro, dan darasi ne muka koya wa yaro cewa rai ba komai ba ne in dai da canji a aljihu. Ga kawu ko gwaggo da za su zo hutu su kawo wa yaro zomo dan a ce suna ji da shi, ba su tambayi uwar ɗa ba, gida ɗaki biyu a haya, watan Afrilu zafin Kano ya haura 40, a ajiye shi ƙarƙashin rufin kwano. Ga masu ɗaukarsa ta kunne yana reto, wai haka aka saba. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to a wannan lamarin maratayan suna da yawa, mai rumfar da ya bayar, uban da ya karɓa, da mu da muka gani muka yi shiru.

Ban ma taɓo zancen biyan kuɗi a jefa ƙwallo ko a ci ko a rasa ba, wanda ya kamata kowa ya tambayi malaminsa a kai dan yana ƙamshin caca, wannan karatu ne na wata rana.

Masu shirya musabaƙa da walimar sauka da gasar makarantu, dan Allah in za ku ba yaro kyauta ku ba shi littafi ko keke ko kuɗi, in kuma dabbar kuke son bayarwa dan ya koyi kiwo, niyya ce mai kyau, amma ku fara zama da iyayensa ku ji ko akwai wuri da abinci. Wanda kuma zomon ya riga ya shigo gidansa, sa shi a inuwa inda iska ke shiga, kar ruwa ya yanke masa, ciyawa da harawa su ne asalin abincinsa, karas ɗan taɓawa ne kawai, in za ka ɗauka sa hannu ɗaya a ƙirji ɗaya ka tallabe ƙugunsa. In ka ga ya daina ci kar ka jira gobe, nemi likitan dabbobi. In ka san ba za ka iya ba, kai wa mai kiwo, ko ka wasa wuƙa da kyau ka yi bisimilla ka yanka iyali su ci.