Korar koci ba za ta gyara Manchester United ba

Duk ranar da United ta sha kashi, kafin mu fita daga gidan kallon ƙwallo an riga an yanke hukunci: a kori koci. 'Yan uwana magoya baya, ni dai ba na cikin wannan sahu, domin ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ku lissafa tun da tsohon kocinmu Ferguson ya yi ritaya a 2013. An bai wa Moyes kwantiragin shekara shida, bai ma kammala kakar farko ba. Van Gaal ya ci kofin FA a 2016, bayan kwana biyu aka sallame shi. Mourinho ya kawo kofin Europa a 2017, ya kai ƙungiyar mataki na biyu a Firimiya, duk da haka a Disamban 2018 ya tattara nasa ya nasa. Solskjaer ya tafi bayan Watford ta zura mana 4-1. Shin duk waɗannan mutanen ba su san ƙwallo ba ne?

Na Ten Hag ya fi ba ni takaici, kuma ba don ina sonsa ba, wallahi wasansa ya sha sa ni ciwon kai. Ya doke Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024, shugabanni suka yi ta jan ƙafa, sannan suka tsawaita masa kwantiragi, suka sake saya masa 'yan wasa, sai ga shi a watan Oktoba sun kore shi. Sai suka ɗauko Amorim daga Sporting a tsakiyar kaka, mutumin da kowa ya san da masu tsaron baya uku yake wasa, suka miƙa masa 'yan wasan da aka tara don wani salon daban. Aka ƙare kakar a mataki na 15. Wa ya yi wannan lissafin? Dan Ashworth da aka kawo don ya tsara harkar ƙwallon ma wata biyar kacal ya yi.

Haka ake ta yi. Kowane koci ya zo a saya masa nasa, ya tafi ya bar su da albashi mai nauyi, na bayansa ya ce ba su dace da shi ba. Sayen ɗan wasa Antony kaɗai daga Ajax ya lashe sama da fam miliyan 80.

Masu cewa ai Chelsea ta sha korar koci kuma ta ɗaga kofuna, gaskiya ne, amma a lokacin tana da su Terry da Lampard da Drogba, duk wanda ya zo su yake tararwa.

Iyalan Glazer kuwa, da suka sayi ƙungiyar da bashi a 2005 suka ɗora mata shi, suna nan daram. Su ba wanda zai iya sallamarsu.