Tarar Jinkirin da Ba Mu Muka Jawo Ba

Kwantenata mai ƙafa 40 ta baro ƙasar Sin wata huɗu kafin ƙaramar Sallah, maƙare da takalma da kayan yara, amma ba ta iso ƙofar shagona a Garwa da ke arewacin Kamaru ba sai bayan an sauko daga Idi da mako biyu, lokacin da babu uban da ke neman takalmin ɗansa. Asarar ciniki ta yi mini ciwo, sai dai abin da ya hana ni barci shi ne takardar tara da aka miƙo mini a kan wannan jinkiri, tamkar ni ne na riƙe kayan.

Kamfanin jirgin ya sauke kwantenar a wata tasha ta daban, ta shafe makonni tana jiran ƙaramin jirgin da zai ƙarasa da ita Duwala. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tashar Duwala tana cikin bakin kogin Wuri, kuma kafin jirgi ya kai gare ta sai ya bi mashigi mai tsawon kusan kilomita 50 wanda laka da yashi ke cikewa, sai an yi ta yashe shi, saboda haka manyan jiragen zamani ba sa iya shiga da cikakken lodi. Domin haka ne aka buɗe tashar Kiribi mai zurfi a 2018. Kamfanin ya san duk wannan ranar da ya karɓi kuɗina ya yanka mini wa'adi, kuma da wa'adin ya wuce, ko kalmar ban haƙuri ban samu ba, balle rangwamen sefa ɗaya.

To amma da kwantenar ta taɓa ƙasa, sai lissafi ya tashi a kaina. Akwai kuɗin ajiya a tasha, akwai tarar riƙe kwantena, kuma kullum gari ya waye sai sun ƙaru. Wakilin da na ɗauka ya fitar mini da kayan, yau ya ce na'ura ba ta aiki, gobe ya ce wata takarda ba ta sauko ba, jibi kuma wayarsa a kashe. Wane irin ciniki ne wannan, inda jinkirin mai jirgi kyauta ne, na ɗan kasuwa kuwa da kuɗi?

Zaluncin ya fi tsanani a kanmu mutanen arewa, domin ƙidayar ba ta tsayawa sai an mayar da kwantenar wayam zuwa bakin teku, kuma kuɗin jinginar da muka ajiye yana hannunsu har sai ta koma. Ɗan kasuwar Duwala yana sauke kayansa ya mayar da ita a yini guda. Ni kuwa tsakanina da teku akwai fiye da kilomita 1,000, layin dogo kuma ya tsaya a Ngawundare tun 1974, daga nan sai tirela, da gangaren dutse, da shingayen bincike. 'Yan'uwanmu na Marwa da Kusiri sun fi ni shan wuya, ballantana na Injamena, waɗanda kayansu ke cin kusan kilomita 1,800, har da hanyar Mora zuwa Dabanga wadda direbobi ke shiga da addu'a idan damina ta sauka. Iyayenmu sun ga zamanin da jiragen ruwa ke hawowa ta kogin Binuwai su sauke kaya a nan Garwa, yau kuwa tashar ta zama kufai.

Kuɗin tarar nan ba daga aljihun kowa zai fita ba sai na matar da za ta zo sayen takalmin makaranta, domin dole in ɗora shi a kan farashi ko in rufe shago. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa sau uku ina neman a cire mini kwanakin da shi ya ɓata daga cikin waɗanda yake bi na, kuma har yau jinginata tana hannunsa, amsa ba ta zo ba.