Su da yatsa suke auna waƙa, mu da kunne

Shekarata biyu kenan a Granada, kudancin Sifaniya. Abin da ya kawo ni daban ne, amma don in gyara harshe sai na shiga wani ajin yamma na waƙoƙinsu na zamani, wato tun daga Rubén Darío ɗan Nicaragua da ya girgiza musu waƙa wajen 1888 har zuwa samarin nan da ake kira 'yan 1927, sunan ma daga taron da suka yi a Sevilla ne a shekarar, lokacin da tsohon mawaƙinsu Góngora ya cika shekara 300 da mutuwa.

Ranar farko malamar ta raba takarda, kowa ya sunkuyar da kai tsit kamar ana jarrabawa, sai yatsu kawai ke motsi a kan tebur ana ƙirga gaɓa. Ni kuwa ina ta jira a ce wa zai rera mana, har aka tashi ba wanda ya rera. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Malaminmu na Hausa a sakandare in zai koyar da waƙar Aƙilu Aliyu ko Mu'azu Haɗeja sai ya gyara murya ya ja baiti har 'yan ajin kusa da mu su leƙo ta taga, kuma a wajen rerawar kake jin inda kari ya karye, ba sai an faɗa maka Kamil ne ko Mutaƙarab ba.

Su ba ruwansu da doguwar gaɓa da gajeruwa irin ta aruli, adadi suke bi, takwas ko sha ɗaya, kuma in kalma ta ƙare da wasali ta gaba ta fara da wasali sai a haɗe su a ƙirga ɗaya, nan na sha kunya don kullum ƙirgata sai ta yi rara. Amsa-amon ne ma ya fi ba ni wahala. A tsohon salonsu mai gaɓa takwas wasula kaɗai ake daidaitawa, layi ɗaya a tsallake ɗaya, kamar ka ce "gida" ta amsa "fita". A gida ka kawo wannan ai dariya za a yi maka. Sai da na yi wata uku kafin kunnena ya fara kama shi, yanzu kam ina jin daɗinsa, ba ya bugun kunne, lallaɓowa yake.

Abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne matasanmu da ke ganin zamananci a waƙa shi ne ka zubar da kari da amsa-amo ka jera layuka kawai. To Lorca, mawaƙin Granada ɗaya daga cikin 'yan 1927 ɗin, da ake ji da shi a nan, baya ya koma. A 1922 shi da Manuel de Falla, mai tsara kiɗa, suka tsaya aka yi gasar tsofaffin waƙoƙin baka na Andalus a nan Granada, ya bi waƙoƙin reno na mata yana saurare, daga baya ma ya rubuta wasu ya kira su casida da gacela. Da na ga kalmar casida sai da na yi murmushi, ƙasida ce fa, tamu ta makarantar soro, ta hanyar Larabawa ta iso musu kamar yadda ta iso mana.

Inda suka yi mana fintinkau shi ne adanawa. An harbe Lorca a watan Agusta 1936, har yau ba a gano kabarinsa ba, amma gidan gonarsu Huerta de San Vicente na nan an mai da shi gidan tarihi, teburin da yake rubutu a kai ma na gan shi da idona. Na tsaya ina tunanin akwatin kakana mai cike da waƙoƙin ajami da gara ta cinye rabi.

Maƙwabciyata, tsohuwa ce, na yi mata ƙorafin shirun ajin sai ta ce ai ita Machado, babban marubucin waƙarsu, ba a littafi ta san shi ba, a faifan 1969 da mawaƙi Serrat ya rera waƙoƙinsa ta haddace shi. Ta ajiye kwandon shanya ta rera min baiti biyu a kan matattakala, muryar duk ta dushe amma ko gaɓa ɗaya ba ta zubar ba, na ƙirga.