Ranar da Turanci ya sa aka yi mini rubutun sha

Ni dai jari nake nema, ba wani abu ba. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a Ƙofar Marusa, kuma tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, shagon ya shiga ramewa kamar akuyar bazara. Kantar da nake jera gwangwanayen madara sahu uku ta koma sahu ɗaya, shi ma sai na wawware su don kada a ga katako.

Yayana ma'aikacin jinya ne a Ingila. Na yi niyyar in taɓa shi, amma sai zuciya ta ce mini roƙo da Hausa sunansa bara, in ka yi shi da Turanci kuwa ya zama takardar neman jari. Matsalar ita ce Turancina tun na sakandare ne, ya daɗe a ajiye har ya yi tsatsa.

A majalisarmu ta bayan isha'i akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya koyar da ilimin tattalin arziki. Na saya masa shayi da kauri, na ce, "Malam, yaya Turawa ke cewa abubuwa sun lalace?" Ashe na taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce Bature bai bar lalacewa da suna ɗaya ba, hawa-hawa ya yi mata kamar sarautun fada. In kasuwa ta ɗan yi sanyi, downturn. In ta zube lokaci guda, slump. In arzikin ƙasa ya yi wata shida a jere yana raguwa, wato zango biyu na wata uku-uku, shi ne recession, irin wanda Najeriya ta shiga a 2016, ta sake komawa a 2020 lokacin korona. Sai ya sassauta murya ya ce amma babban wansu duka shi ne depression, wanda ya faro daga rushewar kasuwar hannun jari ta New York a Oktoban 1929, ya kwashe shekaru yana tsiyata duniya.

Na ƙirga da yatsu. Wata shida? Ai shagona ya wuce nan tuntuni. Don me zan tsaya kan ƙane alhali ga wa? Malam ya ƙara mini da gyara: gloom, wato duhun da ke lulluɓe zuciya, da bleak, wato ka hango gaba ka ga fili fetal ba ko inuwa.

Daren nan na zauna na haɗa su duka a WhatsApp, kamar mai haɗa yaji. Na rubuta wa Yaya cewa ina cikin great depression, ko'ina gloom ne, gaba kuma bleak. Zancen kuɗi na bar shi sai saƙo na biyu, don kada a ce na yi gaggawa. Na tura, na ji kaina ya ƙara girma.

Bai yi minti biyar ba ya kira. Na ƙi ɗauka. Na ce bari saƙon ya dahu tukuna. Ya kira sau goma sha ɗaya, ina kallo ina murmushi, ina lissafin buhun sukari nawa zan saro. Daga ƙarshe na kashe wayar na yi barcina har da munshari.

Abin da Malam bai gaya mini ba, kuma har gobe ina riƙe da shi a kan haka, shi ne kalmar nan depression tana da miji biyu. A bakin masana tattalin arziki karayar arziki ce, a bakin likitoci kuwa ciwon damuwa ne, ciwo na gaske mai kwantar da mutum. Yaya kuma a ɓangaren masu irin wannan lalurar yake aiki. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne na ga ƙanena ya rubuto haka ya kashe waya, sai inda ƙarfina ya ƙare.

Ya kira Inna. Abin da ya faɗa mata daban, abin da ya isa kunnenta daban.

Ina dawowa daga sallar asuba na tarar da takalma a ƙofar ɗaki. Inna, Kawu, da wani malami riƙe da allo. Maiɗakina ta raɓe a gefe idonta jawur, ta riga ta ɓoye makullin babur.

"Mi ya same ka, ɗan nan? Mi muka yi maka da za ka ɓoye mana?"

Na ce, "Inna, lafiyata lau, kalma ce kawai. Kin ga a 1929, a Amurka..."

Ta juya ta kalli Kawu. "Ka ji ko? Ko ubanshi ba a haifa ba lokacin."

Malamin ya gyaɗa kai a hankali, ya ce irin waɗannan tsofaffi ne, kuma sukan zo daga nesa. Na ga abin zai fi ƙarfina, sai na ƙara himma wajen bayani, wanda shi ne kuskurena na biyu. Na ce Turawa haka suke da sunaye, in kasuwa na tashi su ce ta bijimi ce, in tana faɗuwa su ce ta wata dabbar daji ce mai gashi da ba mu da ita a nan. Kawu ya ce, "Innalillahi. Har dabbobi yake gani."

Kofi uku na rubutu na sha a zaune. Aka turara ni da hayaƙi har sai da na yi tarin da ya tabbatar musu cewa abin ya fara fita.

Kuɗi kam Yaya ya turo, kuma masu kauri, amma ta hannun Inna, da sunan magani. Aka sayi rago aka yi sadaka, aka sallami malam, aka sayo zuma da habbatus sauda, aka kai ni wajen likita ya yi mini tambayoyi na rabin awa ya ce in rage shan shayi da dare. Ni ko ƙwandala ban riƙe ba, sai ƙafar rago ɗaya.

Labari kuma ya zaga unguwa. Waɗanda nake bi bashi suka samu hanya: duk wanda na tunkara sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka sa abin duniya a ranka, lafiyarka ta fi." Ya wuce.

Makon jiya na sake rubuta wa Yaya, wannan karon da Hausa tsantsa: shinkafa ta ƙare a shago, sukari ya ƙare, ina neman naira dubu 300. Ya amsa nan take. Ya ce alhamdu lillahi, tunda har na fara tunanin kasuwa, alama ce na samu sauƙi. Ya tambaye ni ko ina samun barci.