Labarin Zanen da Ke Farawa Bayan Biki Ya Watse

A cikin labaran zane na soyayya da nake karantawa a waya nan Jidda, waɗanda suka fi zauna mini a rai su ne na ma'auratan da suka kwana biyu tare. Mu da muka taso da littattafan soyayya na Kano, waɗanda 'yan Umara ke kawo mana cikin kaya, mun saba da labari mai tafiya a miƙe, daga haɗuwa zuwa zance, daga tirjiyar iyaye zuwa ɗaurin aure. Ni kuwa ina ganin zaman aure ba ya bayar da kansa a haka, domin matar da ta shekara ashirin a ɗakinta ba ta tuna rayuwarta a jere; ƙamshin turare ɗaya ya isa ya mayar da ita daren da aka kai ta.

Masu zanen manga, wato labaran zane na Japan, suna da dabarar da ta dace da wannan. Idan za su waiwaya baya, sukan baƙanta filin da ke kewaye da hotunan, sai mai karatu ya gane an koma jiya ba tare da an rubuta masa ba. Na karanta wani inda mata ta ajiye wa mijinta shayi ta wuce ba ta ce uffan ba, har na ɗauka fushi take yi. Da gefen shafi ya yi baƙi, sai ga su shekaru da dama baya a asibiti, ranar da suka rasa ɗansu na fari, shi ne ke miƙa mata shayi domin ya rasa abin faɗa. Sai da na koma hoton farko na sake dubansa, kuma a lokacin na fahimci cewa shirun nata lallashi ne. Da an jero labarin daga farko, da wannan kofin bai girgiza ni ba. Webtoon, wato labarin zane na Koriya ta Kudu da ake ja a waya daga sama zuwa ƙasa, shi ma yakan bar dogon fili babu komai, har babban yatsa ya ji tsawon shirun.

Ba kowane tsalle nake yabo ba. Akwai marubutan da ke hargitsa lokaci don su ɓoye cewa labarinsu ba shi da nauyi, kuma waiwayen da bai sauya fahimtata game da yau ba, ɓata mini dare kawai yake yi.

Tun 2021 ake fitar da mujallar Manga Arabia a nan Saudiyya, kuma yaranmu da suka tashi da Larabci ba sa shan wahalar manga, tunda manga ma daga dama ake fara karanta shi kamar Larabci. Abin da nake jira shi ne ɗaya daga cikinsu ya zana mana dattijo da matarsa a wani gida a Makka, su yi magana da Hausa, labarin ya riƙa kai da komo tsakanin falonsu na yau da garin da suka baro suna ango da amarya.