Farashin da Ke Gudun Mai Saye

Ranar Asabar na kai wa Alhaji shafin intanet ɗin da na haɗa wa shagonsa na shadda a Tudun Wada. Abin da nake taƙama da shi shi ne jerin farashi: idan aka ɗora linzami a kan hoton shadda, umarnin slideDown na jQuery, wato kayan aikin da masu haɗa shafi ke sa wa abubuwa motsi da shi, ya sauko da jerin a hankali, idan aka janye kuma slideUp ya mayar da shi inda ya fito, kowane motsi cikin milisakan 400.

Ɗan autan Alhaji ne ya tona mini asiri. Yaron ya kama linzamin ya yi ta kai shi kan hoton yana janyewa, kusan sau goma, sannan ya saki ya koma gefe. Shi jQuery jera irin waɗannan motsi yake yi a layi, ba ya fara na baya sai na gaba ya ƙare, ni kuwa na manta ban sa stop() da zai katse layin ba. Sai ga jerin yana sauka yana hawa shi kaɗai, babu hannun kowa a kai, mu huɗu, har da telan maƙwabta, mun zuba masa ido na wajen daƙiƙa takwas. Alhaji ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Malam, shi wannan ba ya gajiya ne?"

Na ce, "Ƙaramin abu ne, ranka ya daɗe," na hau gyara a gabansu gumi yana keto mini. Na sa stop() ɗin, amma garin gaggawa na musanya umarnin slideDown da na slideUp. Da zarar an nufi shadda sai farashin ya ɓuya, idan an kau da linzami sai ya leƙo.

Telan da ke maƙwabtaka da shagon, wanda har yau kaftanina na ƙaramar Sallah yana hannunsa, shi ya fi kowa dariya, har da dafa bango. Ya ce a bar shi haka, ai Alhaji ma ba ya faɗin farashi sai mai saye ya juya zai tafi. Mutumin da ya karɓi kuɗin ɗinki tun cikin Sha'aban, kullum "gobe in sha Allahu", ban ga inda ya sami bakin yi wa aikin wani dariya ba. Nawa ko ba komai yana tafiya yana dawowa.

Cikin minti biyu na daidaita komai, amma lokacin Alhaji ya fita sallar La'asar. Yaron kaɗai ya gani, ya ce na dā ya fi kyau.