Dajin Kanada na cin wuta, su kuma hayaƙi ne ya dame su

Wallahi akwai rashin kunyar da in ka gani sai ka rasa ta ina za ka fara. Wasiƙar nan da 'yan majalisar wakilan Amurka su shida, duk 'yan Republican daga jihohin Wisconsin da Minnesota, suka aika wa jakadiyar Kanada a Washington ta wancan lokacin, Kirsten Hillman, a watan Yulin 2025 tana cikin irinsu. Wai hayaƙin gobarar dajin Kanada ya hana mutanensu fita shan iska da more hutun bazara, don haka suna so su ji me Kanada ke yi a kai. Suka kuma ɗora laifin kan rashin kula da daji da masu cinna wuta da gangan.

To a daidai lokacin da suke wannan ƙorafin me ake ciki a lardin Manitoba na Kanada? Tun ƙarshen Mayu lardin ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe mutum kusan 17,000 daga gidajensu. Garin Flin Flon mai mutum wajen 5,000 ya zama kufai cikin 'yan kwanaki. A Pukatawagan, garin 'yan asalin ƙasar da ko titin mota na kirki bai kai ba, da jiragen soja aka riƙa jigilar mata da yara da tsofaffi cikin hayaƙin da ko matuƙan jirgin da ƙyar suke gani, aka kai da yawansu Winnipeg suna kwana a zaurukan taro kan gadajen wucin gadi, ba su san ko za su koma su tarar da gida ba. A Lac du Bonnet wuta ta ritsa da wani miji da matarsa, suka rasu. A makon da wasiƙar ta fito ma sai da aka sake ayyana dokar ta-ɓaci karo na biyu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, amma waɗannan ko jaje na kirki ba su tsaya yi ba. Ba mamaki da firimiyan Manitoba Wab Kinew ya fito ya caccake su.

Maganar masu cinna wuta ita ta fi ba ni haushi, don ana ta maimaita ta tun 2023 kamar wani sirri aka gano. Eh akwai masu yi, har an kama wani a Quebec ya amsa laifin cinna gobara 14, kuma shi ɗin ne dai yake yawo a Facebook yana cewa gwamnati ce ke ƙona daji. Amma a Kanada tsawa ce ke haddasa kusan rabin gobarar, kuma gobarar tsawa ita ke cinye mafi yawan filin da ke ƙonewa, saboda can ƙuryar daji take faɗawa inda babu hanya babu kowa. A farkon Yunin 2023 tsawa ta kunna wuta fiye da 100 a Quebec cikin yini guda, hayaƙinta ne ya mai da sararin New York ruwan goro. Wane ɗan ta'adda ne zai iya wannan?

Batun share daji kuwa magana ce ta wanda bai taɓa duba taswira ba, ƙasar da dajinta ya haura hekta miliyan 300 wa zai share shi?

Abin da ba su so su furta shi ne zafi. Ƙanƙara na narkewa da wuri, ƙasa na bushewa tun kafin bazara ta kankama, itatuwa su zama busassun makamashi, sai tartsatsi ɗaya ya isa. A 2023 wajen hekta miliyan 15 ta ƙone, kusan ninki biyu na faɗin jihar Neja, aka tashi mutum sama da 200,000, har da kusan kowa da kowa a birnin Yellowknife. Masana sun yi bincike sun ce sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan mugun yanayin wuta a gabashin Kanada aƙalla sau biyu. Ba a gama farfaɗowa ba 2025 ta zo ta zama ta biyu mafi muni a tarihin ƙasar. Kuma jam'iyyar masu wasiƙar ce shugabanta Trump ya sa hannu kan fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris ta yaƙi da sauyin yanayi tun ranar da aka rantsar da shi, ƙasar da ta fi kowace ƙasa tara hayaƙin da ke ɗumama duniya in aka haɗa tarihi.

Kar wani ya ce na raina hayaƙi, masu asma da tsofaffi a Minnesota suna shan wuya da gaske kuma hakkinsu ne a kula da su. Sai dai wakilin da ya damu da su kuɗi zai nema a ƙara wa 'yan kwana-kwana, ya sa a turo jirage da ma'aikata, kamar yadda jiragen feshin ruwa na Quebec suka yi ta shawagi a kan Los Angeles a Janairun 2025 lokacin da wuta ke cin unguwanni, ba wanda ya rubuta musu wasiƙar ƙorafi daga Kanada. Ita ma Kanada ba wai ta fita ba ce, mai da iskar gas ɗin da take haƙowa a Alberta suna cikin lissafi, kuma garuruwan 'yan asalin ƙasar da kullum su ake fara kwashewa sun daɗe suna roƙon kayan kashe gobara nasu na kansu, har yau ana musu alƙawari.